Ranar da Aka Fitar da Ni Daga Ruwa

Jela uku gare ni. Ɗaya shuɗiya ce ta yadi mai talewa, ita nake ɗauka in zan yi atisaye. Ɗaya ruwan goro, ta tsufa har ɗinkin ƙugunta ya fara saki, amma na kasa rabuwa da ita. Ta ukun ta roba ce mai nauyi, da ɓawon kifi a jikinta ɗaya bayan ɗaya, in na rataye ta a bayan ƙofar banɗaki sai ƙofar ta ƙi rufuwa. Shekarata hamsin da uku, ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Manchester, ina da 'ya ɗaya da ta gama jami'a, kuma ina sa jelar kifi in nutse cikin ruwa. Wanda abin bai yi masa ba, ya kau da kai.

Ga wanda bai taɓa gani ba, haɗa ƙafafu biyu ake yi a zura su cikin wani faffaɗan takalmin roba guda ɗaya mai siffar bindin kifi, sannan a ja rigar jelar tun daga diddige har ƙugu. Daga nan mutum ba shi da ƙafa biyu kuma, da ƙugu da gadon baya yake tafiya. Turawa suna kiran abin iyon 'yar ruwa, waccan halitta ta tatsuniyarsu, rabi mace rabi kifi.

Gwiwa ce ta kai ni. Likitan unguwarmu ya ce in riƙa iyo, ni kuwa a Numan na girma, a bakin Binuwai, inda muke nutso mu damƙo yashi daga ƙasa mu fito da shi don kada a ce ba mu kai ba. Iyo ba baƙona ba ne. Sai dai duk bugun ƙafar da na yi, gwiwar hagu sai ta yi ƙara. Ranar da na ari takalmin nan na haɗa ƙafafuna, gwiwar ta yi shiru, na ratsa wurin iyon daga wannan bango zuwa wancan da numfashi ɗaya. Shekara takwas ke nan.

Iya abin bai ba ni wahala ba. Samun waɗanda zan yi shi da su ne ya kusa zautar da ni. Ba a nutso mutum shi kaɗai, domin mai riƙe numfashi yana iya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji alamar komai ba, ga ƙafafu a ɗaure. Dole wani ya tsaya a sama yana kallo, kuma wanda ya san abin da yake kallo. Masu gadin wuraren iyo na unguwa kuwa, da sun hango jela sai usur. Na karaɗe Manchester tun daga Levenshulme inda nake zaune har bayan gari. Duk inda aka ce ana iyon jela, in na je sai in tarar bikin ranar haihuwar wata 'yar shekara bakwai ne, ko ƙawayen amarya sun zo su sa jela a ɗauke su hoto su tafi. Babu wanda ya yi tunanin akwai babbar mace da ta riga ta iya, abokan yi kawai take nema.

Sau huɗu na shiga ajin 'yan koyo don kawai in jiƙa jelata. A na ƙarshen, yarinyar da ke karɓar baƙi ta dubi jakata ta tambaye ni wace ce tawa a cikin yaran. Na ce ni ce. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. A ciki kuma wata malama da na haifi sa'arta ta riƙe mini hannu a ruwan da bai wuce cibiyata ba, tana cewa in sa fuska in hura kumfa, kada in ji tsoro. Na hura mata kumfar, raina yana tafasa.

A coci labari ya riga ya zaga, domin wata da ta zo gaishe ni ta shiga banɗaki ta yi arba da jelar roba. Ko hannu ba ta tsaya wankewa ba. Makonni ana sa ni a addu'a a kan aljanar ruwa. Na ce amin, na gode, a haɗa da gwiwata ta hagu. Wannan duk ko a jikina. Maganar 'yata ce take taɓa ni. A unguwar Withington take zaune, nan cikin Manchester, takan zo cin tuwo ranar Lahadi, ta dubi jelar da ke shanye ta yi ajiyar zuciya.

"Mum, ba kunya nake ji ba, tsoro nake ji. Ki ɗaure ƙafafunki ki shiga ruwa, at your age?"

Na ce mata shekarun nawa ne, ni zan san inda zan kai su.

Matar da ke gyara mini ɗinkin jela ce ta tsegunta mini wata ƙungiya a Birmingham. Kusa da Selly Oak akwai wurin iyo mai zurfi sosai, na masu tsalle daga sama, kuma sau ɗaya a wata, safiyar Asabar, ana bar wa wasu mata takwas shi. Duk manya ne, duk sun iya, bibbiyu suke nutso. Ɗaya ta ƙaura, gurbi ya samu. Shugabarsu wata tsohuwar Baturiya ce mai farin gashi, wadda ta yi rayuwarta tana nutso a teku. A waya ba ta tambaye ni shekaruna ba, ba ta tambayi tsawon numfashina ba. Ta ce za ta gwada ni sau uku, kuma dokarta ɗaya ce. In kin fito daga nutso, ki ja numfashi, ki dubi abokiyarki ido cikin ido. In lafiya, ki haɗa babban yatsa da manuni. In ba lafiya ba, ki shimfiɗa tafin hannu ki girgiza shi. Abokiyar ita za ta juya ta isar wa shugaba da alamar. Ta ce mai wurin uzuri ɗaya yake jira ya kore su, don haka duk wadda ta yi mata ƙarya da hannunta ba za ta sake shiga ruwan ba. Na ce a raina, wannan ai ba wani abu ba ne.

Ranar farko, a ɗakin canja kaya, na tarar da wata a kan benci tana kokawa da baƙar jela. Rigar iyonta ta rufe ta har wuyan hannu, hularta ta rufe gashi da wuya. Jelar ta maƙale mata a diddige, sai na ji ta ce, "Kai, wannan abu!"

Na ce, "Sannu da fama."

Saura kaɗan ta faɗo daga bencin. 'Yar Katsina ce, likitar da ke sa mutane barci kafin tiyata, uwar 'ya'ya uku, na girme ta da shekara goma sha biyar. Shekararta huɗu a ƙungiyar. Ta ce nan ne kaɗai wurin da take iya zuwa, domin mata ne zalla, mai gadin ma mace ce a wannan safiyar. Muka shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya yara, yaya mutanen gida, har sauran suka shiga ruwa ba mu gama ba. Shugaba ta ga haka ta haɗa mu abokan nutso. Ta ɗauka alheri ta yi mana.

Zuwana biyu na farko ba zan manta da su ba. Na nutsa har ƙasa na manna tafina a kan tayil, hannun yana neman yashin da babu. A ƙarshen kowane zama akwai abin da suke kira zobe. Mutum huɗu su nutsa tare, su riƙe hannun juna a can ƙasa, su zagaya sau ɗaya, su taso a tare, sauran huɗun suna sama suna gadi, sannan a yi musaya. Da na ji hannu a damana, hannu a haguna, jeloli huɗu suna kaɗawa lokaci guda ba wanda ya ce wa wani komai, na san abin da na yi shekara takwas ina nema ke nan. Na yi kuka a jirgin ƙasa a hanyar komawa, ba zan ɓoye ba.

Gwaji na uku ya faɗo a mummunan mako. Mura ba ta daɗe da sakina ba, aiki ya yi yawa, jirgin ya cika maƙil, a tsaye na zo Birmingham da jakar jela a kafaɗa. Ban ko yi tunanin fashi ba. Wa zai yi fashin gwajin ƙarshe? A ɗakin canja kaya Likita ta gaishe ni.

"Anti, ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Ta tsaya tana kallona. "A'a Anti, da gaske nake, you look tired. Ko ki tsaya a sama yau, ki yi watching kawai?"

"Na ce miki ba gajiya."

Ta sunkuyar da kai. "To, Anti."

Haka aka rene mu. Uwata takan dawo daga gona da dami a ka, ƙafafu a kumbure, a ce mata ina gajiya ta ce ba gajiya. A asibiti na sha ganin mutanenmu kwance da ƙarin ruwa a hannu, a ce yaya jiki su ce da sauƙi. Ba mu ɗauke shi ƙarya ba, mutunci ne, ba a ɗora wa mai gaisuwa kayan da bai tambaya ba. Ni kuma ga nawa na daban a kai. Na gaji da a riƙa yi mini kallon tsohuwar da ta shigo wasan yara, ba zan buɗe baki a gaban Turawa shida in ce na kasa ba. Ita ma Likita da nata renon. An koya mata ba a musa wa babba, balle a gaban mutane.

A nutso na uku na fito gefen idona ya yi duhu, kunnuwana suna ƙara, yatsuna suna tsikari. Kafin in yi shawara da kaina hannun ya riga ya haɗa babban yatsa da manuni. Likita ta dubi leɓena, ta dubi hannun. A hankali ta ce, "Anti?" Na zare mata ido. Ta juya ta nuna wa shugaba alamar lafiya.

Aka kira zobe, na nutsa. Ina tuna hannuwan da na riƙe, ina tuna tayil, ina tuna mun fara tasowa. Abin da na tuna bayan nan, ina kwance a bakin ruwa, wani yana bubbuga mini kumatu, murya tana cewa, "Numfasa, Anti, numfasa!" Daga baya suka gaya mini saura kamu biyu in fito hannuwana suka saki, kaina ya langaɓe. Likita ce ta cafko ni kafin in haɗiyi ruwa.

Shugaba ba ta ɗaga murya ba. Ta bari aka duba ni, na sha shayi, sannan ta zaunar da mu biyu. Ba ni ta fara tambaya ba. Ta dubi Likita ta ce ko ta ga alama kafin zoben. Likita ta ce ta gani. Shugaba ta ce to me ya sa ta nuna mata lafiya, ita da ta fi kowa a wurin sanin launin leɓen wanda iska ta ƙare masa? Likita ta kafa wa ƙasa ido. Ba ta ko kalli inda nake ba, don kada a ce ta nuna ni. Shugaba ta ce hannu biyu ne suka yi mata ƙarya, don haka mu biyun duka mun fita.

Nan kaina ya ɗau zafi. Ina naɗe da tawul, jela har yanzu a gwiwa, na ce ni a kore ni, amma a bar ta. Na ce ni na yi ƙarya da bakina, na yi da hannuna, na kuma rufe mata baki da idona. Na bayyana wa shugaba yadda muke gaisuwa, da abin da ƙarami ba ya iya gaya wa babba. Ta saurara har na gama, ta ce in haka ne haɗa mu da ta yi shi ne ganganci mafi girma da ta taɓa yi a bakin ruwa. Na ce ko da wa ta haɗa ni, bakina ba gajiya zai ce, kuma a duk wurin nan mutum ɗaya ce ta san abin da ba gajiyata take nufi. Na ce ta ba mu zama ɗaya, mu biyun, tare.  Ta ce mu yi wata biyu a gida, sannan ta ba mu sau ɗaya tak.

Da bakina na gaya wa 'yata. Ta yi kuka, ta ɗauko baƙar ledar shara ta nufi banɗaki. Na riga ta zuwa ƙofar na tsaya.

"Ki taɓa su ki gani."

"Mum, you nearly died!"

"Ba jela ce ta kusa kashe ni ba, bakina ne. Shi zan gyara."

Ta ce to duk ranar da zan koma da ita za a je, kuma in ta ga abin da bai yi mata ba, da kanta za ta je wurin mai wurin. Na ce ta zo, kujerun 'yan kallo ba nawa ba ne.

A coci na fara atisaye. Wata ta tare ni a ƙofa ta ce ina gajiya, na ce akwai gajiya. Ta tsaya kamar na taka mata ƙafa. Ta biyun ta ce Allah ya sawwaƙe, ta wuce da sauri, na tabbata ta je ta ƙara ni a addu'a. Ta ukun kuwa ta dube ni, ta ja kujera ta zauna, ta yi rabin awa tana ba ni labarin bayanta da ke ciwo da aikin kula da tsofaffi da take yi ba hutu. Shekara goma muna gaisawa ban taɓa sani ba.

Likita ta yi mako biyu ba ta ɗaga wayata. Kunya take ji, wai ita ce ta bar ni na suma. Na hau jirgi na same ta a Birmingham, muka zauna a wani shagon shayi a Bristol Road, cikin 'yan jami'a da kwamfutocinsu. Na ba ta haƙuri, ta rasa inda za ta sa kanta. Na ce ba wannan kaɗai ya kawo ni ba.

"Ki ce mini in fita daga ruwa."

"Anti, don Allah ko za ki ɗan..."

"Ba haka ba."

"Anti, in ba damuwa, I think gara ki..."

"Haka kike yi wa manyan likitoci magana in mutum yana mutuwa a gabanki?"

"A ɗakin tiyata ai da Turanci nake yi, Anti."

"Ni da Hausa nake so, don da Hausa na yi miki ƙarya."

Shayinmu ya huce muna abu ɗaya. 'Yan jami'ar suka fara waiwayenmu. Daga ƙarshe ta runtse ido ta ce, "Fita." Ta rufe fuska da mayafinta tana dariya tana salati.

Wata biyu suka cika. Na yi barci sosai, na samu kujera a jirgi, 'yata tana gefena fuska a murtuke. Ta hau kujerun 'yan kallo ta harɗe hannu. Likita ta ce ina gajiya, na tsaya na binciki jikina tukuna, na ce yau babu, kuma gaskiya na faɗa. Nutso na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na fito daga na uku, zobe ne a gaba. Na ja numfashi, na ji ni garau, na haɗa yatsuna na dube ta ido cikin ido.

Ba ta juya wurin shugaba ba. Ta yi ta kallona.

"Anti, fita."

"Lafiyata ƙalau."

"Na ji. Fita."

 Ni kuwa zuciya ta zo mini wuya. Shekara takwas ina nema, wata biyu ina jira, ga zoben saura minti ɗaya, ga 'yata tana kallo, ga Turawa sun yi tsit, yarinyar da na girma da shekara goma sha biyar tana korata kamar akuya ta shiga lambu. Maganar tana kan harshena, ke har kin isa? Na san in na zare mata ido sau ɗaya za ta iya karyewa, kuma in ta karye ta rasa wurin nan har abada.

Na kama bakin ruwan na jawo jikina waje. Mai jela ba ta fita da mutunci, da ciki ake jan jiki, a mirgina, a zauna. Likita ta juya ta shimfiɗa tafinta ta girgiza wa shugaba. Shugaba ta gyaɗa kai, ta shiga gurbina. Ina zaune na ga zoben ya nutsa ba ni, na ga jeloli huɗu suna zagayawa a can ƙasa. Da na sauke ido kan hannuwana da ke bisa cinyata, sai na ga suna karkarwa. Ban ji ba sam, sai da na gani.

Shugaba ta fito tana tsane gashi, ta wuce ta gabana ta ce wata mai zuwa, ƙarfe tara, kada mu tsaya doguwar gaisuwa. 'Yata ta sauko ta yafa mini tawul. Ita ta ɗauki jakar jela har tasha.

A ɗakin canja kaya Likita ta zo ta durƙusa a gabana, ido ya yi ja.

"Anti, ki yi haƙuri."

"In kika sake ba ni haƙuri sai na kai ƙararki wurin shugaba."

Ta yi dariya ta share ido. Sannan ta ce, "Ina gajiya?"

"Akwai ta, Likita. Akwai ta sosai."

Har yau ina zuwa Birmingham kowane wata, na kuma sa a ɗinka mini jela ta huɗu, ja wur, don masu addu'a su samu abin yi. Tun daga ranar sau uku Likita ta ƙara fitar da ni daga ruwa. Duk ukun na yi fushi, kuma biyu daga ciki har gobe ina ganin ba ta da gaskiya. Amma na fita.